KWABON KASHGAR NA SHEKARAR 1352 DA SHAIDAR DA YAKE BAYARWA

A kasuwannin gwanjon tsofaffin kuɗi na Hong Kong da Amurka da Turai, akan fito da wani kwabo na jan ƙarfe, wanda in da za a jefar da shi a layin 'yan gwangwan, da wuya a sami mai sunkuyawa ya ɗauka. Bugunsa ya karkace, rubutunsa ya sha hannu, gefensa ma bai daidaita ba. Amma sai a ga masu tara tsofaffin kuɗi suna rige-rige a kansa, suna biyan abin da ya ninka ƙimar ƙarfensa ninkin-ba-ninkin. A jikinsa akwai tuta mai jinjirin wata da tauraro, da rubutun Turkanci cikin haruffan Larabci, sannan da shekara: 1352 bayan Hijirar Manzon Allah (S). Wannan kwabo na Musulmin Turkistan ta Gabas ne, ƙasar da a yau gwamnatin Sin take kira Shinjiyang, kuma birnin Kashgar ne cibiyar gwamnatin da ta buga shi.

La'alla wani ɗan uwa ya ce, to me ya haɗa matashi mai gwagwarmaya da tara tsofaffin kwabbai? Ai wannan wasan Turawa ne da suka ƙoshi suka rasa abin yi da dukiya. Maganar tana da ƙamshin gaskiya, domin lalle akwai waɗanda ba abin da ya dame su da kwabon in ban da ribar da za su ci gobe. Amma kuskure ne babba a bar wannan fage a hannunsu su kaɗai, saboda tun farkon tarihin Musulunci kuɗi ba abin saye da sayarwa ne kawai ba. Alamomi biyu ake gane mai iko da su a ƙasar Musulmi: sunan da ake ambata a huɗubar Juma'a, da sunan da ake bugawa a jikin kuɗi, wato sikka. Tun da aka fitar da dinari mai rubutu zalla ba hoto a zamanin Abdulmalik ɗan Marwan, a shekara ta 77 bayan Hijira, duk daular da ta tashi sai ta yi shelar kanta a kan zinariya ko azurfa ko jan ƙarfe. Huɗuba iska ke tafiya da ita, littafi a kan ƙone shi, masallaci a kan rushe shi, malami a kan ɗaure shi har ya mutu a kurkuku. Kwabo kuwa dubbai ake bugawa, ya watsu cikin aljihun fatake da tukwanen tsofaffi, ba azzalumin da zai iya bin su ɗaya bayan ɗaya ya narkar.

Kafin a kai ga kwabon 1352, ya kamata mai karatu ya san waɗanda suka gabace shi. Musulunci ya kafu a Kashgar tun ƙarni na 10 na Miladiyya, lokacin da Satuk Bugra Khan ya musulunta, kuma kabarinsa yana garin Artush. Sarakunan Manchu masu mulkin Sin sun ci ƙasar da yaƙi a 1759, kuma shekara guda bayan haka suka buɗe gidan zubin kuɗi a Yarkand. Kuɗin da suka fitar irin na Sin ne mai huda mai kusurwa huɗu a tsakiya, sai dai na jan ƙarfe ne, shi ya sa ake ce masa jan kuɗi. A fuska ɗaya sunan sarkin Sin, a ɗaya fuskar sunan garin da aka zuba shi, da rubutun Manchu da kuma haruffan Larabci. Da Musulmi suka yi bore a Kuca a 1864, shugabansu Rashidin Khoja bai sauya siffar kuɗin ba, hudar tana nan, amma ya kawar da sunan sarkin Sin ya sa nasa. Bayansa sai Yakubu Beg, wanda ya zo daga Kokand ya mallaki Kashgar, ya nemi mubaya'a ga Daular Usmaniyya, aka amsa masa a 1873, ya riƙa buga zinariya da azurfa da sunan Sultan Abdul'aziz na Istanbul. Wato a ƙarshen gabashin duniyar Musulmi, tafiyar watanni daga Istanbul, ɗan kasuwa yana karɓar kuɗi da sunan Halifa. Ba a cewa Yakubu Beg waliyyi ne. Harajinsa ya gallabi talakawa, kuma shi ne ya ci Kuca ya kawar da Rashidin a 1867, Musulmi ya kawar da Musulmi. Ya mutu a 1877, rundunar Zuo Zongtang ta sake mamaye ƙasar, a 1884 aka mai da ita lardi mai suna Shinjiyang, ma'ana sabuwar iyaka. Mai hankali zai tambaya, ƙasar da ake cewa tun fil azal ta Sin ce, yaya aka yi ake kiranta sabuwa?

Yawancin abin da masu tarawa suke kira kuɗin Uigur na farkon ƙarni na 20, kwandalolin azurfa ne da kwabban jan ƙarfe da aka buga a Kashgar da Aksu da Urumci a ƙarƙashin mulkin Sin. A nan ne abin yake da daɗin nazari. Ma'aunin azurfar miskali ne, kalmar da duk ɗalibin Islamiyya ya sani daga babin zakka, inda nisabin zinariya yake miskali 20. Sai dai miskalin Kashgar bai kai na shari'a nauyi ba: shi kimanin giram uku da rabi ne, na shari'a kuwa giram 4.25. Akwai kwandala mai miskali ɗaya, da biyu, da uku, da biyar, kuma miskali goma shi ne sar guda. Mai miskali biyar ita ce aka fi samu, nauyinta wajen giram 17. Idan aka juya ta, a fuska ɗaya za a ga dodon nan mai kama da maciji wanda yake tambarin sarkin Sin. Amma a jikin wannan kwandala dai za a karanta "zarb Kashgar", wato bugun Kashgar, da "besh miskal", wato miskali biyar, sannan da shekarar Hijira, kamar 1323 ko 1325 ko 1329. Gwamnan da ba ya salla, ba ya azumi, shi ne yake buga kuɗi da lissafin Hijira, domin ya san mutanen kasuwar Kashgar da wannan lissafi suke rayuwa, kuma wannan rubutu suke karantawa.

Kada ɗan uwa ya ɗauka wannan girmamawa ce. Musulmin ƙasar Hausa sun san irinta. 'Yan shekaru kaɗan bayan Turawan Ingila sun ci Sakkwato a 1903, sai ga anini da kwabo masu huda, ɗauke da sunan sarkin Ingila Edward, ga kuma rubutun Larabci a jiki. Ba son Musulunci ne ya sa Nasara ya yi haka ba, yana so ne a karɓi kuɗinsa a biya shi haraji da su. Ranar da mai mulki ya ga ba ya bukatar rubutun, sai ya cire, kamar yadda aka cire ajami daga takardun naira 5 zuwa 50 a 2007, aka kuma cire daga naira 100 a 2014.

Abin da ya sa ire-iren kuɗin Kashgar suka yi yawa har masu tarawa suke kwana a kansu shi ne, da hannu ake sassaƙa ƙarfen hatimin da ake buga su da shi. Hatimi ya fashe, maƙeri ya sassaƙa wani, kuma ba yadda za a yi na biyu ya zo daidai da na farko. Saboda haka sai a sami kwandala biyu na shekara guda, miskali guda, amma a wannan wutsiyar dodon ta karkata dama, a waccan hagu. A wannan shekarar tana sama, a waccan tana gefe. Wannan tana da fure a gefen rubutu, waccan tauraro. A wata an rubuta sunan Kashgar da harafin Sinanci iri kaza, a wata an taƙaita shi. Har akan sami wadda rubutun Turkancinta ya kife. Da aka tumɓuke sarautar Manchu aka kafa jamhuriya a 1912, dodo ya sauka, tutoci biyu masu ratsi biyar da aka gicciya suka hau, amma shekarar Hijira ta ci gaba da fitowa a kuɗin Kashgar. Akwai ma wani kwabo na 1916, wato 1334, da aka buga da sunan zamanin sarautar Yuan Shikai, shugaban jamhuriyar da ya naɗa kansa sarki, sarautar ta ruguje cikin kwana 83. Kashgar tana da nisa ƙwarai daga fadar mulkin Sin, labari ba ya isa da wuri.

A nan dole a faɗi gaskiya ko da ba daɗi. Waɗannan kwandaloli masu dodo da tutoci, gwamnatin Sin ma tana iya kafa hujja da su, ta ce ga shi nan, ita ke mulki. Kuma lalle ita ke mulki a waɗannan shekaru. Wanda ya ce kowane kuɗin Kashgar shaidar 'yanci ne ya yi ƙarya, kuma gwagwarmayar da aka gina kan ƙarya ba ta zuwa ko'ina. Abin da kwandalar take shaidawa shi ne akwai mai mulki da wanda ake mulka, harshensu daban, rubutunsu daban, lissafin shekarunsu daban. Wannan kuwa ya isa ya ƙaryata masu cewa Musulunci baƙon abu ne da aka ɗora wa mutanen wurin.

To, sai shekarar 1352. Gwamna Yang Zengxin ya riƙe lardin daga 1912 har aka harbe shi a 1928. Magajinsa Jin Shuren ya soke sarautar Musulmi ta Kumul bayan rasuwar sarkinta a 1930, ya raba gonakin mutane ga baƙi daga Gansu, sai wuta ta tashi a 1931. A farkon 1933 Hotan ta ɗauka, ƙarƙashin Muhammad Amin Bugra da 'yan uwansa biyu, Abdullahi da Nur Ahmad. Ranar 12 ga Nuwamba 1933, cikin watan Rajab, aka yi shelar Jamhuriyar Musulunci ta Turkistan ta Gabas a Kashgar, da malami Sabit Damolla a matsayin firayim minista, da Hoja Niyaz Haji, jagoran boren Kumul, a matsayin shugaba. Tutarsu shuɗiya ce mai farin wata da tauraro. Suka buga kwabbai na jan ƙarfe masu dacin 10 da dacin 20, da 'yan kwandaloli na azurfa waɗanda samunsu yau sai an sha wuya, har da kuɗin da aka buga a kan ƙyalle maimakon takarda.

Abubuwa uku ne a jikin waɗannan kuɗi da ya kamata matashi ya tsaya a kansu. Na farko, babu sunan Halifa. Shekara sittin kafin nan Kashgar ta buga sunan Abdul'aziz, amma a 1933 ba sunan da za a buga, domin Mustafa Kamal ya rushe halifanci tun 1924. Jamhuriyar ta aika wakilai neman goyon baya, ba ƙasa ɗaya da ta amince da ita, ta Musulmi ko ta kafirai. Na biyu, sunan ƙasar ma ba ɗaya ba ne a kan kuɗin. Wasu suna ɗauke da sunan Jamhuriyar Uiguristan, wasu kuma Turkistan ta Gabas, kuma masu tarawa suna lissafa su a matsayin iri biyu daban. Gare su wannan bambancin farashi ne kawai. Ga mai tunani kuwa, alama ce ta tambayar da ba a gama amsawa ba a lokacin: shin ƙasar ta ƙabila ɗaya ce, ko ta dukkan Turkawan wurin har da Kirgiz da Kazak da Uzbek, ko kuwa ta duk wanda ya yi kalmar shahada? Shi kansa sunan Uigur sabon farfaɗowa ne a lokacin, tun wani taro da aka yi a Tashkent a 1921. Kafin nan mutum yakan ce shi Musulmi ne, ko Baturke, ko ya ambaci garinsu.

Na uku shi ne mafi ciwo. Duk kuɗin wannan jamhuriya shekara ɗaya ce a jikinsu, 1352, ba 1353. An haife ta a Rajab, ta yi azumi ɗaya, ranar 6 ga Fabrairu 1934, cikin Shawwal, Kashgar ta faɗi. Ba ta cika wata uku ba. Kuma wa ya ci Kashgar? Ba sojan Nanjing ba ne ya tako daga gabas. Sojojin Ma Zhongying ne, 'yan ƙabilar Hui, Musulmi masu magana da Sinanci, masu salla suna fuskantar alƙibla ɗaya da waɗanda suka kashe a tsohon birnin. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Sojan Tarayyar Sobiyet sun shigo da jiragen sama a Janairun 1934 don su ceci sabon gwamna Sheng Shicai, suka fatattaki Ma Zhongying daga Urumci, shi kuma ya huce a kan 'yan uwansa na kudu. Abdullahi da Nur Ahmad Bugra an kashe su a Afrilun wannan shekara. Shi kuwa shugaban ƙasa Hoja Niyaz, sai ya shirya da 'yan Sobiyet, ya kama firayim ministansa Sabit Damolla ya miƙa shi ga Sheng, aka ba shi muƙamin mataimakin gwamna. Sabit Damolla bai fito da rai ba. Hoja Niyaz ma bai ci ribar cinikin ba, domin Sheng ya kama shi a 1937, daga baya ya kashe shi. Ma Zhongying ya tsallaka Tarayyar Sobiyet a Yulin 1934, bai sake dawowa ba. Muhammad Amin Bugra ne ya tsira, ya rubuta tarihin ƙasarsa yana gudun hijira a Kabul, ya rasu a Ankara a 1965.

Saboda haka wannan kwabo ba Sin kaɗai yake tuhuma ba. Wanda ya riƙe shi yana ta zagin kafirai, bai ga abin da Musulmi suka yi wa junansu cikin wannan shekara guda ba, to rabin rubutun ya karanta. Alƙur'ani ya yi umarni a wurare da dama da a yi tafiya a bayan ƙasa a duba yadda ƙarshen mutanen da suka gabata ya kasance, kuma ba a ce a duba na maƙiya kaɗai ba.

Wani abin takaici shi ne inda waɗannan kuɗi suke a yau da kuma yadda ake rubuta su. Babban kundin kuɗin duniya na Krause, wanda 'yan kasuwar wannan fage suke dogara da shi, ya jera su ne a ƙarƙashin Sin, lardin Sinkiang. Kamfanonin Amurka irin su PCGS da NGC su ne suke duba kwabo, su ba shi maki, su rufe shi cikin roba, kuma abin da suka rubuta a kan robar shi kasuwa take bi. Wanda ya ba abu suna shi ke da rabin labarinsa. Ga kuma jabu da suka cika kasuwa, musamman na ire-iren da suka yi ƙaranci. Masana suna gane su da nauyi, da maganaɗisu, da 'yan ramukan da zubi yake bari a inda ya kamata a ga kaifin bugu. Amma akwai wata hanya da ɗalibin Islamiyya ya fi attajirin Hong Kong sauƙin kamawa: rubutu. Mai yin jabu sau da yawa zana haruffan yake yi kamar hoto, bai san inda kaf ya ƙare alif ya fara ba, kuma wanda ya saba da karatun Larabci yakan ji a jikinsa cewa hannun da ya yi wannan bai san abin da yake rubutawa ba. Sai dai a yi hattara, domin maƙeran asali ma sun yi kurakurai, kuma lambobin 4 da 5 da 6 wani lokaci sukan zo da siffar Farisanci. Mai son mai da shekarar Hijira ta Miladiyya kuwa, sai ya cire kashi uku cikin ɗari ya ƙara 622: 1352 ta ba da 1933, 1323 ta ba da 1905.

Ba ana cewa matashin da yake fama da kuɗin makaranta ya je ya zuba abin da ke hannunsa a gwanjo ba ne. Wannan almubazzaranci ne, alhali ga marayu ga iyalan waɗanda ke tsare. Wanda Allah ya hore wa ya tara, ya sani azurfa ba ta fita daga hukuncin zakka don ta tsufa: nisabi dirhami 200 ne, kimanin giram 595, wato wajen kwandala 35 masu miskali biyar in da azurfarsu zalla ce, kuma sai ya koma ga malamai kan yadda ake cinikin azurfa hannu da hannu. Ga sauran jama'a, hotunan waɗannan kuɗi suna nan kyauta a intanet, a rumbuna irin su Zeno da Numista. Abin da ake bukata shi ne a sami 'yan uwa da za su zauna su karanta su, su fassara, su koyar a zaman karatu, yadda ake koyar da tarihin Andalus da Falasɗinu.

Dalili kuwa shi ne sauran shaidun ana ta kawar da su. An sake kafa jamhuriya ta biyu a Gulja a 1944, ta ƙare a 1949 da shigowar sojan Kwaminis. Daga 2009 aka shiga rushe tsohon birnin Kashgar da sunan gyara. Daga 2017 aka buɗe sansanonin da aka tsare ɗimbin Musulmi a cikinsu. Muhammad Salih Hajim, malamin da ya fassara Alƙur'ani zuwa harshen Uigur, ya rasu a tsare a Janairun 2018 yana da shekara 82. Rahile Dawut, wadda ta ƙarar da rayuwarta wajen rubuta tarihin hubbarorin ƙasar, ta ɓace a Disambar 2017, sai a 2023 aka ji an yanke mata ɗaurin rai da rai. Wata cibiyar bincike ta Ostareliya, ASPI, ta ƙiyasta a 2020 cewa masallatai kimanin 16,000 aka rushe ko aka lalata. Ranar 31 ga Agusta 2022 ofishin kare haƙƙin ɗan Adam na Majalisar Ɗinkin Duniya ya ce abin da ake yi a can yana iya zama laifin cin zarafin bil'adama. Gwamnatin Sin ta musanta, ta ce cibiyoyin koyon sana'a ne da yaƙi da ta'addanci.

Su kuma masu mulkin ƙasashen Musulmi fa? A Maris 2019 ƙungiyar OIC, a taronta na Abu Dhabi, yaba wa Sin ta yi kan yadda take kula da Musulminta. A Yulin wannan shekara ƙasashe 37 suka sa hannu a wasiƙar goyon bayan Sin, cikinsu har da Saudiyya da Pakistan da Masar da Nijeriya. A Oktoban 2022 aka nemi a yi muhawara kawai, ba hukunci ba, a majalisar kare haƙƙin ɗan Adam, aka kayar da buƙatar da ƙuri'a 19 da 17, kuma cikin masu kayarwar akwai Pakistan da Indonesiya da Katar da Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa. Amurka da take ta kururuwa a kan Uigur ba don Allah take yi ba, duk wanda ya ga Iraƙi da Gaza ya san haka, amma munafuncin Amurka ba ya wanke shirun waɗannan. Yadda wakilan Sabit Damolla suka dawo hannu rabbana, haka jikokinsu suke dawowa.

Tutar da ke jikin kwabon 1352 haramtacciya ce a Sin a yau. Rubutun Uigur kuwa, wanda aka maye gurbinsa da haruffan boko tun cikin shekarun 1960 har aka dawo da shi a 1982, yana nan a bayan takardar kuɗin Sin, ƙanana a kusurwa, tare da na Mongol da Tibet da Zhuang. Abin da yake cewa shi ne Bankin Jama'ar Sin, kuma shekarar da ke jikin takardar ta Miladiyya ce.